Man Bazara a Injin Ƙanƙara

Injina na kwashe dusar ƙanƙara ya yi shekara talatin da huɗu a hannuna. Roland Bessette ya kashe shi a safiya ɗaya.

Roland ƙanen matata ne, marigayiya Arlene. Gidansa na jikin nawa, shinge ne kawai tsakaninmu. Tun yana saurayi bakinsa ya fi hannunsa aiki. Katifu da kujeru ya sayar a kanti har ya yi ritaya. Ni kuwa a ramin tagulla na fara, da aka rufe ramin na koma daji saran itace. A aji shida na bar makaranta. Amma inji bai taɓa mutuwa a hannuna ba, kuma duk layinmu an san haka. Zarto mai inji, famfon ruwa, injin yankan ciyawa, in ya ƙi tashi rumfar Onni Kallio ake kawo shi. Ban taɓa karɓar komai ba. Gahawa kawai, in an kawo.

A watan Fabrairun waccan shekarar na tsiyaye man injina da yamma, da niyyar in zuba sabo da safe. Na ɗaura masa jan ƙyalle a hannu, alamar babu mai a ciki. Da safen na zame a kan matakala. Aka kai ni asibiti, aka sauya mini ƙashin ƙugu. Kwana goma sha ɗaya na yi.

Ina can ƙanƙara ta sauko. Roland ya san inda nake ajiye makullin rumfa. Ya buɗe ya fito da injina, bai tambayi kowa ba.

Ranar da na dawo, ina dogara sanda, na tarar da injin a bakin rumfa an jefa masa tsohon bargo kamar gawa. Na ja igiya. Ko motsi. Ya ɗaure gaba ɗaya.

Roland ya leƙo ta saman shinge. Ya ce, “Yaya Onni, sannu da jiki. Ka ga abin da ya faru ko? Ina cikin taimaka maka ya yi tari biyu ya cika.”

Na ce, “Wane mai ka zuba masa?”

“Mai? Ni ban taɓa mai ba. Yadda ka bar shi haka na tayar.”

Na dube shi. Ya dubi takalminsa. Na shiga gida.

Kowace safiya tsofaffin layinmu muna haɗuwa a shagon gahawa da ke kusa da gidan waya. Sai bayan mako biyu ƙafata ta iya kai ni. Na tarar labari ya riga ni zuwa. Roland na zaune a tsakiya, kofi a hannu.

Ya ce, “Ga shi nan, ku tambaye shi! Inji da mai shi rana ɗaya suka kwanta. Shi an samo masa sabon ƙugu, injin kuwa ba a samu kayan gyaransa ba, tun zamanin Annabi Nuhu aka daina yin irinsa.”

Aka yi dariya. Wannan ban damu da ita ba. Ba'a ce irin ta suruki.

Sai ya rage murya, kamar mai tausayi. “Amma fa ku lura da Yayana. Ya fara mantuwa. Inji ya bari ƙaf babu ɗigon mai. Ga takardar inji ba ya iya karantawa dama. Shekaru ne, kowa zai je.”

Wannan karon ba a yi dariya ba. Gara ma da an yi. Waino Salmi, wanda muka yi shekara ashirin muna saran itace tare, ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi. Na shanye gahawata na tashi.

Da ƙanƙara ta narke na kwance injin a kan tebur. Akwai mai a ciki. Ba nawa ba ne. Baƙi, mai kauri, ya ƙone ya manne kamar kwalta a jikin fistin, ƙarfen da ke kai-komo a cikin inji. Na duba gangar shara ta rumfa, can ƙasa na tarar da kwalba, lamba talatin, man injin yankan ciyawa. Man bazara. A sanyin Fabrairu irin wannan mai daskarewa yake kamar zuman da ya kwana a waje. Kafin ya narke ya kai inda ake bukatarsa, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe.

Ashe ya ga jan ƙyallen. Ya koma garejinsa ya ɗauko abin da hannunsa ya tarar.

Ban kai kwalbar shagon gahawa ba. Kwalba ba ta magana, zai ce tawa ce. Ƙaryar daga bakinsa ta fito, a gaban mutane. Daga bakin nan nake so gaskiya ta fito, a gaban mutanen nan.

Bazarar nan babu wanda ya kawo mini gyara. Lempi, matar marigayi Lahti, wadda nake wasa wa wuƙar injin ciyawa tun mijinta na da rai, na ga an ɗora injinta a mota an kai gari. Ta ɗago mini hannu daga nesa, hannun da ake ɗaga wa majinyaci. Na ci gaba da zama a rumfa da kayan aikina a jere.

A watan Oktoba na je kantin kayan ƙarfe na Gail na sayi sabon inji. Matsakaici, babu ado. Ina tsaye ana rubuta takarda sai ga Roland, shi ma inji ya zo ɗauka. Nasa ya kusa ninka nawa. Yana da fitila biyu a gaba, hannayensa suna ɗumama da kansu, ana tayar da shi da wutar lantarki.

Ya zagaya nawa yana fito. “Yaya, wannan na share teburin cin abinci ne?”

Na ce, “Zai yi.”

Sabon inji babu mai a cikinsa yake zuwa, kai za ka zuba. Na je wurin da aka jera man juye na tsaya. Ba na gaggawa a kan mai. Na ɗauki kwalba na jijjiga a kusa da kunne. Na sanyi yana motsi kamar ruwa, na bazara kuwa da nauyi yake juyawa. Haruffa na ba ni wahala, lamba ba ta ba ni. Na ɗauki na sanyi, lamba biyar-da-talatin, kwalba biyu, ɗaya ta zubin farko, ɗaya ta juye.

Roland ya zo ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya sungumi babbar jarka. Lamba talatin.

Na tsaya ina kallon jarkar. A nan na gane bai ma san abin da ya kashe injina ba. Tsoro ne ya sa shi ƙarya, ba sani ba.

Gail ta ɗago kai daga teburin ciniki. Ta ce, “Roland, wannan ai na bazara ne. In sanyi ya—”

Na ce, “Gail, wa kike koya wa? Roland ya iya karanta takarda. Mu ne ba mu iya ba.”

Roland ya buɗe ƙirji. “Faɗa mata dai, Yaya! Mai kauri shi ke riƙe inji. Babban inji, babban mai. Wancan na hannunka ai ruwan shayi ne. Ga shi jarka ɗaya ta ishe ni da na ciyawa da wannan.”

Gail ta dube shi, ta dube ni. Idonta ya daɗe a kaina. Ta ce, “Baba Onni, ka tabbata?”

Na ce, “Ni na fara mantuwa.”

Ta ɗaga kafaɗa ta sa masa jarkar a kwali.

Shekarar nan ƙanƙara ta yi jinkiri. Inci biyu, inci uku, sai ta tsaya. Haka nake so. Sabon inji kamar sabon takalmi ne, sai ya saba da ƙafa. Awa biyar na farko ba a matsa masa. Zoben fistin bai zauna ba tukuna, ƙarfe na goge ƙarfe yana neman wurin kwanciya. In ka yi haƙuri awa biyar, ya yi maka shekara talatin.

Kullum sai in tayar da shi a cikin rumfa in bar shi ya yi ɗumi minti biyar. Sannan in fito. Ba na cika masa baki, rabi nake ba shi. In ƙara wuta kaɗan, in rage, in ƙara. Tudun da motar share titi ke tarawa a bakin ƙofa, mai nauyi da gishiri da tsakuwa, ban bari ya taɓa ba. Da shebur na kwashe wannan, da sabon ƙugun nawa. Kowane rabin awa in ja layi ɗaya da alli a bangon rumfa.

Roland na kallo ta saman shinge da kofinsa. Nasa injin na ajiye a gaban gida, a fili, an rufa masa tamfol rabi don masu wucewa su ga fitilun. Sau ɗaya ya tayar da shi, wata rana da ake rana, minti biyu, don ya nuna wa mai kawo wasiƙa.

Ya ce, “Yaya, inji ka saya ko jariri ka ɗauko reno? A kawo maka bulumboti?”

Na ce, “Naka fa? Ba ka fito da shi?”

“A kan wannan ɗan garin? Ai raini ne. Wannan sai ranar maza. Ranar za ka ga aiki.”

Na ce, “Allah ya kai mu.”

Da gaske nake.

Ranar da layin alli ya cika goma na tsiyaye man tun yana da zafi. Waino ya shigo rumfa ina riƙe da kwanon a hasken taga. Shi kaɗai ne bai daina leƙo ni ba, ko da yake shi ma ya daina kawo zartonsa.

Na miƙa masa kwanon. Man na ƙyalli da ɓarɓashin ƙarfe kamar ɓawon kifi.

Ya ce, “Kai! Duk wannan daga sabon inji?”

“Duk sabo haka yake. In ka bar shi a ciki, yashi ka bari.”

Na zuba kwalba ta biyu a hankali, na zare sandar awo na goge, na mayar, na sake zarewa. Daidai kan layi. Waino na kallon hannuna. Hannuna bai yi rawa ba.

Ya ce, “Roland ya yi nasa juyen?”

“Tambaye shi.”

“Gail ta ce lamba talatin ya saya.”

“Haka na gani.”

“Ba ka gaya masa ba?”

“Bai tambaye ni ba.”

 Waino ya san ƙa'ida kamar yadda na sani: ba a ba namiji shawarar da bai nema ba, kuma a garin nan namiji ya gwammace ya daskare a kan hanya da ya nema. Ya daɗe yana kallon tsohon injina da ke kwance a lungu, sassansa a cikin kwali.

Ya ce, “Onni, wane mai ka tarar a cikin wancan?”

Na ce, “Ba ni zan faɗa ba.”

Ya sa hularsa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, “Mutumina, kai mugu ne.”

Na ce, “Rufe ƙofar, sanyi na shigowa.”

Mako guda kafin Kirsimeti iska ta juyo daga kan babban tafkin da ke gefen garinmu. Kwana biyu cur ƙanƙara tana zuba. Inci talatin da ɗoriya. A rana ta uku gari ya waye tas, babu gajimare ko ɗaya, ma'aunin sanyin da ke jikin tagata ya nuna ashirin da biyu ƙasa da sifili. Gashin hanci na daskarewa da numfashin farko. Da ƙarfe bakwai motar share titi ta wuce ta bar wa kowa tudu a bakin ƙofa har ƙirji.

Duk layin an san wace rana ce. Wata guda Doreen, matar Roland, tana faɗa wa kowa: Colleen, 'yarsu tilo, za ta sauka daga jihar Arizona mai nisa da jaririn da ba su taɓa gani ba. Shekara uku ba ta zo gida ba. Jirginta ƙarfe goma sha biyu, filin jirgi kuwa tafiyar minti arba'in ce in hanya na da kyau. Motarsu na cikin gareji, tsakaninta da titi taku ashirin da biyar na ƙanƙara.

Na ci burodi da kifi, na sha gahawa kofi biyu. Na shiga rumfa. A ja na biyu injina ya tashi. Na bar shi yana ɗumi, na tsaya a bakin ƙofa.

Roland ya fito da sabuwar rigar sanyi ja. Ya tono injinsa daga inda ya kwana biyu a fili, ya yaye tamfol. Ya hango ni ya ɗaga hannu.

“Yaya! Yau ce ranar! Kawo kujera ka zauna ka sha kallo!”

Na ce, “A tsaye ma ina gani.”

Ya ja igiya. Ta ƙi zuwa, kamar an ɗaure ta a gindin itace. Ya sa ƙafa ya ja da hannu biyu, ta zo rabi ta tsaya. Duk mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa. Shi kuwa ya shiga gida ya jawo wayar wuta ya jona. Ya danna. Injin ya yi nishi kamar saniya a rami. Ya sake dannawa, ya riƙe. A karo na huɗu ya kama, yana tari da baƙin hayaƙi.

Bai ba shi ko minti ɗaya ba. Ya ture wuta har ƙarshe, ya kunna fitilu da rana tsaka, ya bi ta gefen da iska ta share ya nufi tudun bakin titi kai tsaye, wurin da ya fi ko'ina tauri.

Na duba agogo.

Gaskiya injin ya yi kyau. Ya watsa ƙanƙara sama har ta wuce wayar lantarki. Roland na ihu yana dariya. Minti uku da rabi. Sai na ji sautin da nake jira, ƙwal-ƙwal-ƙwal, kamar ana buga guduma a cikin bokiti. Shi bai ji ba, ko ya ji bai gane ba. Ya ƙara dannawa ciki.

Ƙara ɗaya aka yi, kamar harbin bindiga. Sai shiru.

Baƙin mai ya fantsama a kan farar ƙanƙara. Daga inda nake ina hango ramin da ya ɓulle a gefen injin, dunƙulen hannu zai shiga. Roland na tsaye riƙe da hannayen da har yanzu suke da ɗumi.

Na sa giya na fito.

A layinmu mai inji shi ke share wa marar inji. Ba a roƙo, ba a godiya da baki, sai dai a aiko da burodi. Tun kafin a haife ni haka ake. Na share nawa. Injin ya ci tudun bakin ƙofa kamar yana cin tuffa, sautinsa bai sauya ba. Na tsallaka na share wa Lempi har bakin matakala. Na share wa malamin makarantar da ke kallon gidana. Na share wa Waino. Na tono famfon 'yan kwana-kwana, na tono akwatin wasiƙa. Sannan na dawo kan hanyar ƙafa ta gefenmu, na bi ta har turken da ya raba filina da na Roland. A nan na tsaya. Na yanke ƙanƙarar a miƙe kamar an yanka burodi da wuƙa, na juya.

Duk wanda ke layin ya ga wannan bango. Kowa ya san me ake nufi da shi.

Roland ya ɗauko shebur. Shekararsa sittin da shida, an taɓa yi masa aiki a zuciya. Ya sari tudun, shebur ya dawo masa kamar ya sari siminti.

Doreen ta ratso ƙanƙara har gwiwa ta zo wurina, gyale a ka, takalmin mijinta a ƙafa. Na rage wuta.

Ta ce, “Yaya Onni, tara da rabi ta wuce.”

“Na gani.”

“Colleen fa. Da jariri a hannu za ta tsaya a filin jirgi.”

“Ina son Colleen. Ni na koya mata tuƙi.”

“To?”

“Mijinki na da baki.”

“Ka san zuciyarsa ba ta da lafiya.”

“Bakinsa lafiya lau.”

Ta dube ni. Idonta ya kawo ruwa, ko sanyi ne ko haushi, ban sani ba. Ta matso ta ce, “Ni na ga lokacin da ya ɗauki kwalbar daga garejinmu. Ka ji? Na faɗa. Ya ishe ka?”

Na ce, “Ba daga bakinki nake so in ji ba.”

Ta ce, “Da Yaya Arlene na da rai da ba ka yi haka ba.”

“Da tana da rai da tun Fabrairu ta ja shi da kunne ta kawo shi.”

 Doreen ta san gaskiya ne. Ta ce, “Ku maza, Allah ya shirye ku,” ta koma.

Malamin makaranta ya fito da shebur ya tafi taya Roland. Ban hana shi ba. Su biyu suka yi rabin awa suka buɗe wurin da bai kai faɗin ƙofar ɗaki ba. Roland na sara uku ya tsaya ya dafa shebur, tururi na tashi daga kansa. Mutane sun firfito bakin ƙofofinsu. Lempi na tsaye da bargo a kafaɗa.

Waino ya tako a hankali ya zo. Ya ce, “Onni, ba ni injin ni in yi masa.”

“Na daina ba da aro.”

“Mutumin nan zai faɗi fa.”

“Taku ashirin ne daga inda yake zuwa inda nake. Ya fi shebur sauƙi.”

Ƙarfe goma da rabi Roland ya jefar da shebur. Ya tsallako bangon da na yanke, ya zo. Fuskarsa ta yi ja kamar rigarsa, gemunsa ya yi farin ƙanƙara. Injina na aiki a tsakaninmu.

Ya ce, “Yaya, wasa ya isa haka.”

Na ce, “Wa ke wasa?”

“Lalataccen inji suka sayar mini. Gobe zan mayar musu da abinsu.”

“To mayar.” Na kama hannun giya.

Ya riƙe mini hannun riga. Ya waiga, ya ga mutane. Ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya ce, ƙasa-ƙasa, “Ni na zuba.”

Na ji shi sarai. Na ƙara wa inji wuta, na nuna kunnena na girgiza kai.

Ya ɗaga murya. “Na ce ni na zuba wa tsohon injinka mai!”

Na ce da ƙarfi, “Wane mai?”

Ya dubi gidansa. Doreen na tsaye a bakin gareji da makullin mota a hannu, ta riga ta sa rigar fita. Ya cika ƙirji da iska don ya rinjayi ƙarar inji. Daidai lokacin na murɗe makulli na kashe injin.

“Na yankan ciyawa! Lamba talatin! Ba kai ka manta ba, ƙarya na yi maka!”

Bayan ƙanƙara ta kwanta gari yakan yi tsit, murya na tafiya har bakin tafki. Tasa ta bi layin daga farko har ƙarshe ta dawo. Karen malamin da ke haushi ya yi shiru. Roland ya tsaya da baki buɗe, yana kallon injin da ya daina ƙara.

Waino ya ce, “Af.”

Lempi ta gyara bargonta, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Na ce wa Roland, “Matsa.”

Ja ɗaya injina ya tashi. Na shiga tudun ta inda nasa ya mutu. Ba na yin aiki rabi, ko na maƙiyi ne. Na share daga titi har ƙofar gareji, faɗin mota da ƙari, na bi gefe-gefe na gyara, na kankare har baƙin kwalta ya fito. Minti ashirin da biyar.

Dole ƙanƙarar da aka kwashe ta sauka wani wuri. Sabon injin Roland na tsaye a gefen hanya inda aka ja shi. Na juya bakin bututu wajensa. Kowane zuwa da kowace dawowa, a kansa. Fitilun suka fara nutsewa, sannan tankin fetur, sannan hannayen masu ɗumi. Da na gama, tudun ya fi ni tsayi. Roland na tsaye yana kallo, hannuwa a aljihu. 

Doreen ce ta ja motar. Goma sha ɗaya da minti biyar suka fita. Da suka zo daidai ni ta sauke gilashi, ta dube ni, sai ta mayar ta wuce.

Na tura injina zuwa rumfa. Waino ya biyo ni, yana haki.

Ya ce, “To, yanzu ka huce?”

Na ce, “Shekara talatin da huɗu, Waino.”

“Ai ya faɗa. Kowa ya ji.”

“Ya faɗa.”

“Wancan tudun fa? Sai watan Afrilu zai ga injinsa.”

Na ce, “Ƙarshen Afrilu. Gefen inuwa ne.”